Takardun mallakar fili masu ɗauke da sunan shugabannin Amurka: me masu tara su ke nema?

A Amurka akwai masu sha'awar tara tsofaffin takardun da gwamnatin tarayya ta riƙa bai wa mutum na farko da ya sayi fili daga hannunta. Da yawa daga cikinsu a kan fatar dabba aka buga su, da hatimi da sunan shugaban ƙasa a ƙasa. Daga cikinsu akwai masu alaƙa da manyan gidajen gandun auduga da rake na kudancin ƙasar, waɗanda aka gina kafin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865.

Ofishin kula da filayen gwamnati, wanda aka kafa a 1812, shi ne ke fitar da su. Dokar 1820 ta tsayar da mafi ƙarancin farashi a kan dalar Amurka ɗaya da kwata kowace eka, kuɗi hannu, kuma ba a sayar da ƙasa da eka 80. Ekarsu ba ta kai rabin hekta ba.

Abu na farko da mai saye ke dubawa shi ne shekara. Har zuwa 1833 shugaban ƙasa da kansa ke sa hannu, shi ya sa ake samun rubutun hannun James Madison, James Monroe ko John Quincy Adams a kansu. Da takardun suka yi wa Andrew Jackson yawa, sai majalisa ta amince a watan Maris na 1833 wani sakatare ya riƙa sa hannu a madadinsa. Saboda haka takardar da ke ɗauke da sunan Martin Van Buren ko James Polk, sunan nasu ne amma alƙalamin na wani ne, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na waɗancan ba. Nan ne ake yawan damfarar sabon shiga.

Ba kowane gandu ne ke da irin wannan takarda ba. A Virginia, Georgia da Carolina ta Kudu, sarkin Ingila ko gwamnatin jiha ne suka raba filaye. A Louisiana ma, gandaye da dama na bakin kogin Mississippi sun samo asali ne daga hannun Faransa da Sifen, kafin Amurka ta sayi yankin a 1803. Inda aka fi samunsu shi ne Alabama, Mississippi da Arkansas.

Haɗa takarda da wani gida aiki ne mai wuya. Ba ta ambaton gini, sai lambobin awon fili, kuma sau da yawa wanda sunansa ke ciki ɗan kasuwar filaye ne da ya saya ya sayar tun kafin a aza harsashi. Dole a gwada lambobin da taswira, a kuma bi rajistar cinikin filaye ta yankin. Hukumar da ta gaji wancan ofishi a 1946 ta sa kwafen miliyoyin takardun a intanet, kowa na iya dubawa kyauta.

Akwai kuma abin da takardar ta yi shiru a kansa. Filaye masu yawa na Mississippi da Alabama an karɓe su ne daga ƴan asalin ƙasar, kamar ƙabilun Choctaw da Chickasaw, bayan dokar korarsu ta 1830. Waɗanda suka sare dajin, suka noma audugar, suka gina gidajen, bayi ne ƴan asalin Afirka, da adadinsu ya kusan miliyan 4 a 1860. Mai binciken da ke son gano su sai ya koma ga ƙidayar 1850 da ta 1860, inda aka jera su ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekarunsu, da jinsinsu, da launin fatarsu, ba tare da suna ba.