Gigin Tsufa da Zuciyar Kwaɗo

A Dutse da ƙauyukan Kiyawa da Jahun, idan tsohuwa ta fara kiran jikanta da sunan mijinta da ya rasu, ko ta sake tayar da sallar da ta idar yanzun nan, sai mu ce gigin tsufa ne. Wani gidan a ce iskoki, wani gidan ma, abin takaici, a jefe ta da maita. Likitoci su ma sun daɗe suna lalube a kan wannan ciwo.

A 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya ba da bayanin ƙwaƙwalwar wata mata da mantuwa ta cinye kafin ta rasu. Ya ga wasu dunƙule-dunƙule da zaruruwa da suka cukurkuɗe, amma bai san ta yadda suke ɓata tunani ba.

Bakin zaren ya fito daga kwaɗo. A 1921 Otto Loewi, a birnin Graz na Ostiriya, ya ciro zuciyar kwaɗi biyu. Ya tsokani jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, sannan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu. Ita ma sai ta lafa, alhali ba wanda ya taɓa jijiyarta. Ashe jijiya sinadari take aikawa, kamar ɗan aike tsakanin gida da gida. Wannan ɗan aiken shi ne asetilkolin, kuma a 1936 Loewi da Henry Dale suka raba kyautar Nobel a kansa.

Sai a 1976 Peter Davies da abokin aikinsa suka gano a Edinbura cewa abin da ke haɗa asetilkolin ya yi ƙasa sosai a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer. Daga nan aka samo magunguna irin su donepezil, wanda Amurka ta amince da shi a 1996. Aikinsa hana ɗan aiken saurin lalacewa. Yana sassautawa na wani lokaci, ba ya warkarwa, komai daɗin bakin mai talla.

Mu a Najeriya, a 1992, shekara guda bayan Dutse ta zama babban birnin Jigawa, aka fara kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis. Aka samu kusan biyu cikin ɗari a Ibadan, takwas cikin ɗari a can.

Ba kowace mantuwa ba ce Alzheimer. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suna jawo tasu, shi kuwa hawan jini ana auna shi ko a ƙaramin asibitin ƙauye, tun Baba bai fara ɓata hanyar masallaci ba.