Mai Fiton Yawuri da Kogin da Aka Sauya Masa

Abokan da suka yi gayya a hutun ƙarshen mako suka nufi Yawuri ta jihar Kebbi, abin da ke kai su bakin ruwa bai wuce su hau kwalekwale, su ɗauki hoto, su sayi bandar kifi su juya gida ba. Mutumin da ke tuƙa su kuwa, ba kasafai ake tambayar ko sunansa ba. Da an daidaita kuɗin fito magana ta ƙare. Alhali sana'ar da ke hannunsa ta girmi titin da ya kawo baƙin da ɗaruruwan shekaru.

Da yawa daga cikin masu aikin ruwa a wannan yanki na kogin Kwara Sarkawa ne, wato jikokin mutanen da Songhai ke kira Sorko, masunta kuma mafarautan dorina da kada, waɗanda suka biyo kogin daga yammaci har suka iso Kabi da Yawuri, akasarinsu kuma yau Hausa suke yi. A kan jiragensu daular Songhai ta dogara. Sunni Ali, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, da rundunar jiragen ruwa ya yi wa Jenne ƙawanya, kuma a fadar Gao akwai sarauta ta musamman ta shugaban jirage. Ban da Sarkawa akwai Gungawa, mazauna tsibiran kogin, waɗanda sunansu ma daga kalmar gungu ya samo asali. Sarkin da ke son ƙetarar da dakarunsa, da falken da ya ɗauko goron Gwanja zai kai Kano, duk sai sun tsaya a gaɓa sun jira mai fito.

Abin da yake sayarwa a lokacin ya fi ƙarfin dantse. Kwara ba ta cika sau ɗaya a shekara kamar sauran koguna. Akwai cikar damina mai laka, sannan akwai wata cikar da ke isowa cikin hunturu, bayan ruwan da ya sauka a duwatsun Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Kowace cika da hanyar da take buɗewa da dutsen da take ɓoyewa, kuma wannan ilimi daga uba yake zuwa ga ɗa, a cikin jirgi.

Labarin Mungo Park ya nuna tsadar rashinsa. Baturen ya taso daga Sansanding a ƙarshen 1805 cikin jirgin da ya raɗa wa suna Joliba, ya sha artabu a hanya har ya iso Yawuri. A nan jagoransa kuma tafintansa, Amadi Fatuma, ya sauka, domin yarjejeniyarsu ta ƙare. Park ya ci gaba ba tare da wanda ya san ruwan da ke gabansa ba. A duwatsun Busa jirgin ya maƙale, aka yi musu ruwan kibau daga gaɓa, shi da sauran mutanensa suka faɗa ruwa suka nutse a farkon 1806. Littattafan makaranta sun daɗe suna kiransa wanda ya gano kogin, abin da zai ba kowane Basarke dariya. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, da suka zo a 1830, sun yi makonni suna lallashin sarakunan Busa da Yawuri kafin su samu kwalekwale, kuma da matuƙan gaɓar kogin suka kai bakin teku a ƙarshen shekarar.

Sai aka zo aka sauya kogin kansa. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wanda kansa ya kai har Yawuri. Tsohuwar Busa ta nutse, tare da duwatsun da suka ci Park. Babban tsibirin Foge ma ya tafi. Kimanin mutum 44,000 aka kwashe zuwa sababbin matsugunai, ciki har da Sabuwar Busa. An yi lissafin gidaje da gonakin da za a biya diyyarsu, amma taswirar da ke cikin kan mai fito, wadda ta tashi daga aiki cikin damina ɗaya, ba ta shiga lissafin kowa ba.

Ruwan da ya samu kansa a ciki wani ne daban. Tafki mai faɗi yana tayar da igiya idan iska ta kaɗa, irin wadda jirgin katako da aka ƙera domin kogi bai saba da ita ba. A ƙarƙashinsa akwai itatuwan da ba a sare ba kafin a tare ruwa, kuma kututturensu na nan yana jiran cikin jirgi, musamman idan ruwa ya ja baya. Daga baya inji ya zo ya maye gurbin gora da filafili, jirage suka ƙara girma da gudu, aka koma loda musu mutane da buhuna da babura a ranakun kasuwa, tunda ƙauyukan gaɓar da dama ba su da hanyar mota ta kirki.

A watan Mayun 2021 wani jirgi ya tarwatse a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, aka ba da rahoton ɓacewar mutane kusan 150, da yawansu mata da yara. Kamar kullum, laifin ya faɗa kan lodi da tsufan jirgi, kuma akwai gaskiya a ciki: matuƙin da ya ɗauki ninkin abin da jirginsa zai iya ba shi da uzuri. Sai dai ɗora masa laifin shi kaɗai ya yi wa hukuma sauƙi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya, amma doka ba ta cire kututture daga ruwa, ba ta kuma rage kuɗin man da ke sa mai jirgi ƙara fasinja domin ya fita kuɗinsa.

Masu fito na yanzu sun sake haddace tafkin kamar yadda kakanninsu suka haddace kogin. Tsofaffinsu na iya nuna wa baƙo inda tsohon gari yake kwance a ƙarƙashin ruwa, da inda ya kamata a rage wuta saboda itace. Mafi yawan wannan sani bai shiga takarda ba, kuma a wurare da dama babu wata alama a kan ruwan da za ta gaya wa sabon matuƙi inda zai kauce.