Faifan da Mai Shi Ba Ta Gani Ba

A ranar 5 ga Maris, 1963, wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi a cikin daji kusa da garin Camden na jihar Tennessee a Amurka. Cikin mutum huɗu da suka rasu akwai Patsy Cline, mawaƙiyar kiɗan karkarar Amurka, tana da shekara 30. Suna kan hanyar komawa Nashville ne daga wani wasan taimako da suka yi a birnin Kansas. Kundi uku kacal ta fitar a rayuwarta.

Bayan shekara huɗu, a 1967, kamfanin Decca ya tsinto waƙoƙinta 12 ya haɗa su a faifai guda mai suna Patsy Cline's Greatest Hits. Irin wannan faifai ciniki ne, babu wanda ke musun haka: an riga an biya kuɗin ɗaukar waƙoƙin, sai a sake musu riga a kai kasuwa. Amma wannan ya wuce lissafin masu shi. Ya yi ta tafiya a hankali shekara da shekaru, fina-finan Coal Miner's Daughter na 1980 da Sweet Dreams na 1985 suka ƙara masa wuta, har a 2005 aka tabbatar an sayar da kwafi miliyan 10 a Amurka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zaɓen da aka yi. Patsy ta taso ne a Winchester ta jihar Virginia, tana waƙa a gidajen rawa cikin kayan makiyayan Amurka da mahaifiyarta ke ɗinka mata, tana son kiɗa mai zafi. Daga 1954 zuwa 1960 tana ɗaure da yarjejeniyar kamfanin Four Star, wanda ya tilasta mata waƙoƙin da ke hannunsa kawai, kuma in ka cire "Walkin' After Midnight" ta 1957, babu wadda ta yi tashe. Sai da ta koma Decca ne Owen Bradley ya sassauta kiɗan, ya kewaye muryarta da fiyano da goge da amshin ƙungiyar Jordanaires. An ce da farko ba ta ma so "I Fall to Pieces" ba. Ita kuwa "Crazy", wadda Willie Nelson ya rubuta, ta ɗauke ta a 1961 haƙarƙarinta bai gama warkewa daga hatsarin mota ba.

Faifan na 1967 ya tsaya ne a kan waɗannan shekaru na ƙarshe. Hatta "Walkin' After Midnight" da ke cikinsa ba ta asali ba ce, maimaicin 1961 ne. Saboda haka miliyoyin da suka san Patsy ta wannan faifai sun san mace mai kukan zuci da murya a natse, ba su san waccan mai tsiwa da ƙarfin hali ta gidajen rawa ba. Ba na ganin laifin masu zaɓen, domin waɗannan ne mafi kyawun aikinta. Sai dai an yanke hukuncin yadda duniya za ta tuna da ita ba tare da an ji ta bakinta ba.

Biyu daga cikin waƙoƙin, "Sweet Dreams" da "Faded Love", ta ɗauke su a Fabrairun 1963, wata guda kafin jirgin ya faɗi. Ba ta ga fitowarsu ba. A 1973 aka shigar da ita zauren karrama mawaƙan wannan kiɗa da ke Nashville, ita ce mace ta farko mai waƙa ita kaɗai da ta samu wannan matsayi.