Buda da Tambayar Wahala: Ɗan Sarkin da Ya Bar Fada

Da yawanmu mun fara jin sunan addinin Buda ne ta hanya biyu: ko a fim ɗin Asoka na Shah Rukh Khan da ya fito a 2001, ko kuma a labarin Musulmin Rohingya, waɗanda sama da 700,000 daga cikinsu suka tsere daga Miyanma zuwa Bangaladash tun daga Agustan 2017. To wai shi Budan nan wane ne, me ya koyar?

Sunansa na yanka Siddata Gotama. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yau, wajen shekara 2,500 da suka wuce. Mahaifinsa Suddodana jigo ne a ƙabilar Sakiya. Littattafan mabiyansa sun ce an raine shi cikin daula, an ɓoye masa duk wani abin baƙin ciki, har sai da ya fita gari ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, sannan ya ga wani mai gudun duniya. Yana ɗan shekara 29 ya bar gida da mata da ɗa. Shekara shida ya yi yana azabtar da kansa da yunwa, bai samu abin da yake nema ba. Daga nan ya yanke cewa holewa ba mafita ba ce, azabtar da jiki ma haka, sai dai a bi tsakatsaki. Yana da shekara 35, a gindin wata bishiya dangin ɓaure a Bodi Gaya, jihar Bihar ta Indiya, ya ce ya gano bakin zaren. Ma'anar Buda ke nan: wanda ya farka.

A Sarnat, kusa da Baranasi, ya yi wa abokansa biyar huɗubar farko, inda ya jero abin da suke kira gaskiya huɗu. Tsarin kamar na likita ne: cuta, sanadi, yiwuwar warkewa, magani.

Ta farko, akwai wahala, wato dukka a harshen Pali: tsufa, ciwo, mutuwa, rabuwa da masoyi, rasa abin da ake so. Hatta daɗi, tunda ba ya dawwama, da ɗacinsa a ciki. Ta biyu, tushenta shi ne tanha, ma'ana ƙishirwa, wato kwaɗayin da ba ya ƙoshi. Ka sayi sabuwar waya yau, bayan wata uku idonka na kan ta abokinka. Ta uku, idan ƙishirwar ta mutu, wahalar ma ta mutu. Wannan matsayi suke kira nibbana, wato mutuwar wuta: wutar haɗama, wutar ƙiyayya da wutar ruɗu. Ta huɗu, akwai hanya mai rassa takwas: gyara fahimta, niyya, magana, aiki, sana'a, ƙoƙari, lura da kai, da tattara hankali wuri guda.

Akwai labarin Kisa Gotami da suke yawan bayarwa. Ɗanta ya rasu, ta riƙa yawo da gawar tana neman magani. Buda ya ce ta samo masa ƙwayar mastad daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta bi gida-gida, kowa na da ƙwayar, amma babu gidan da bai taɓa zaman makoki ba. A nan ta dangana.

Ya rasu a Kushinagar yana da shekara 80. Wanda ya ɗaukaka addinin shi ne Sarki Asoka, bayan yaƙin Kalinga wajen shekara ta 261 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da yawan jinin da aka zubar ya sa shi nadama. Addinin ya kai Siri Lanka, daga baya Sin, Koriya da Japan. Ya kai har Balka ta Afganistan, inda dangin Barmaki suke kula da gidan bautar Naubahar kafin su musulunta. Ja'afar Barmaki na Dare Dubu da Ɗaya, na hannun daman Haruna Rashid wanda aka kashe a 803, jinin gidan ne.

Abu biyu ya kamata mu riƙe. Na ɗaya, koyarwar Buda ba a kan imani da Mahalicci aka gina ta ba, kuma tana cewa ana mutuwa a sake haihuwa har sai an kai nibbana. A nan ta yi hannun riga da Musulunci da Kiristanci. Na biyu, dokar farko a cikin dokoki biyar na mabiyansa ita ce kada a kashe rai. Ke nan waɗanda suka ƙona ƙauyukan Rohingya dokar da suke iƙirarin bi suka taka. Abin da ke cikin littafi daban, abin da mutum ke yi idan siyasa da ƙabilanci suka shiga daban, kuma mu ma a nan Arewa ba baƙi ba ne ga wannan.

Ku ajiye mana ra'ayoyinku a ƙasa.