Daidaita Kuɗi da Ayyukan Tallafi ga Masu Ɗauke da HIV: Nazari kan Giɓin da ke Matakin Jiha a Arewa Maso Yammacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake tara kuɗin kula da masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV a Nijeriya da yadda ake raba shi, tare da mai da hankali kan shiyyar Arewa maso Yamma. An dogara ne da dokoki da manufofin gwamnati da sakamakon binciken ƙasa na 2018. Nazarin ya nuna cewa an samu nasarar daidaita sayen magani a matakin tarayya, amma ayyukan da ke riƙe mutum a kan magani, irin su kuɗin mota da abinci da jinyar sauran cututtuka, ba su da takamaiman mai ɗaukar nauyinsu a matakin jiha.

Gabatarwa

An ba da rahoton ɓullar cutar a Nijeriya a 1986. A wancan zamani Bahaushe ya yi mata laƙabi da "kabari kusa", kuma kalmar "ƙanjamau" kanta hoton ramammen jiki ce. Yau mai shan maganinsa kullum yana iya haihuwa, ya yi noma, ya tsufa cikin iyalinsa. Saboda haka wannan maƙala ta zaɓi cewa "masu ɗauke da HIV", domin mafi yawansu ba majinyata ba ne.

Gwamnatin tarayya ta fara shirin ba da maganin rage kaifin cutar a 2002, ta mai da shi kyauta a 2006. Amma ƙashin bayan shirin kuɗin waje ne: Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002, da shirin PEPFAR na Amurka da Shugaba George W. Bush ya ƙaddamar a 2003. Da masu ba da tallafi suka yi yawa, kowa da nasa tsari da takardun rahoto, sai aka amince a 2004 da ƙa'idar da hukumar UNAIDS ta jagoranta: tsarin aiki ɗaya, hukumar daidaitawa ɗaya, ma'aunin bibiya ɗaya a kowace ƙasa. A Nijeriya wannan hukuma ita ce NACA, wadda ta fara a matsayin kwamiti a 2000, ta zama cikakkiyar hukuma a 2007. Jihohi suna da nasu hukumomin, ƙananan hukumomi 774 kuma an tanadar musu kwamitoci.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken ƙasa da aka gudanar gida-gida a 2018, aka kuma bayyana sakamakonsa a Maris 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar, an kuma ƙiyasta yawan masu ita a kan miliyan 1.9. Bambancin shiyyoyi babba ne. Kudu maso Kudu tana da kashi 3.1, jihar Akwa Ibom kaɗai ta haura kashi 5, yayin da Arewa maso Yamma ke da kashi 0.6, mafi ƙanƙanta a ƙasar.

Bayan wannan bincike masu tallafi sun karkata ƙarfinsu zuwa jihohin da cutar ta fi kamari, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Sai dai ƙaramin kaso a cikin jama'a mai ɗimbin yawa mutane ne da yawa, kuma a warwatse suke. Inda masu cutar suka taru a gari ɗaya, asibiti ɗaya da ma'aikacin bibiya ɗaya suna isar ɗaruruwa. Inda suke ɗaiɗai a ƙauyukan Zamfara ko Jigawa, kuɗin isa ga kowane mutum yana ninkuwa. Tsarin rabon da ya dubi kaso kawai yana ɗaukar wannan shiyya a matsayin mai arha, alhali ita ce mai tsadar kai wa ga mutum ɗaya.

Giɓin da ke tsakanin magani da mai shan sa

Tun 2016 Nijeriya ta ɗauki manufar ɗora duk wanda gwaji ya tabbatar a kan magani nan take. Ƙwayar maganin da ake sha sau ɗaya a rana, mai ɗauke da dolutegravir, ta sauƙaƙa lamarin, kuma ana ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku ko shida a lokaci guda. Wanda ƙwayar cutar ta yi ƙasa a jininsa har gwaji bai ganin ta ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar jima'i. Ke nan riƙe mutum ɗaya a kan magani kariya ce ga gida guda, kuma a gidan da ke da kishiyoyi wannan magana tana da nauyi na musamman.

Abin da ke yanke mutum daga magani kuwa ba kasafai yake cikin kantin magani ba. Tsoron tsangwama yana sa mutane tsallake asibitin unguwarsu su tafi wani gari, wani lokaci wata jihar, don kada su haɗu da idon sani. Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 tana nan, amma doka ba ta biyan kuɗin mota. Matar da ba ta gaya wa mijinta ba sai ta nemi uzurin fita da kuɗin tafiya a ɓoye. Wanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensa yakan bar katinsa a baya. Maganin HIV kyauta ne, amma katin asibiti da wasu gwaje-gwaje da maganin hawan jini ko ciwon suga sau da yawa daga aljihu suke fita. Ga kuma mata masu juna biyu: a yankin da yawancin haihuwa a gida ake yin ta, mace da ba ta zuwa awon ciki ba za a gwada ta ba, jaririn kuma shi ke biyan farashin. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan yaran da ke kamuwa daga uwa, abin da ke da ciwo ƙwarai domin hanyar hana shi sananniya ce.

Wa ke da alhakin waɗannan buƙatu? A takarda, hukumar jiha ce. A aikace, kuɗin masu tallafi yana bi ta hannun ƙungiyoyin da suka ci kwangilar aiwatarwa, magani yana zuwa ta sarƙar tarayya, asibitoci suna ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, hukumar jihar kuwa takan tsinci kanta tana kiran taro kan kuɗin da ba ta riƙe ba. Alkawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Asusun amana na 'yan kasuwa da aka ƙaddamar a 2022 don tallafa wa yaƙi da HIV shi ma a matakin ƙasa yake.

Raunin wannan gini ya fito fili a Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90. An yi wa maganin ceton rai sassauci, gwamnatin Nijeriya kuma ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani. Hankali ya sake komawa kan kwalaben magani. Masu bibiyar waɗanda suka daina zuwa, da iyaye mata masu ba sababbin masu ciki shawara, da masu shigar da bayanai, waɗanda alawus ɗinsu ke fitowa daga ƙungiyoyin tallafi, su ne suka rasa madogara.

Wani misali da abin da za a iya ɗauka

Amurka kanta tana da tsarin cikin gida da ya fuskanci wannan matsala. Dokar Ryan White ta 1990 ta kafa majalisun tsare-tsare a manyan biranen da cutar ta fi shafa. Majalisar ce ke auna buƙatun yankin, ta jera su bisa muhimmanci, ta yanke kason kowanne. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujerunta na masu amfana da shirin ne waɗanda ba sa aiki da ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin. Tun 2006 ana ware aƙalla kashi 75 ga ayyukan jinya, ragowar kuma ana iya kashe shi kan sufuri da abinci da muhalli. Tattalin arzikin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne, don haka ba yawan kuɗin ne abin koyi ba. Abin koyin shi ne cewa wanda ya san inda tafiyar ke yankewa yana da ƙuri'a a kan kasafi.

Nijeriya tana da kayan ginin. Ƙungiyar masu ɗauke da HIV ta ƙasa, NEPWHAN, tana da rassa a jihohi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusun marasa galihu. Jiha za ta iya shigar da masu HIV cikin inshorarta don ɗauke kuɗin gwaji da jinyar sauran cututtuka, ta kuma wajabta wa kowace ƙungiyar tallafi gabatar da kasafinta ga majalisa ɗaya kafin fara aiki. Jihar Kano, wadda ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024, tana da ƙarin nauyi a nan, domin wanda doka ta sa aka gano shi yana da haƙƙin samun hanyar kulawa a buɗe.

Tunda mutane suna tsallaka iyakar jiha don karɓar magani, jihohi bakwai na shiyyar suna buƙatar yarjejeniya a tsakaninsu: wanda ya yi rajista a Gusau ya iya karɓar maganinsa a Funtuwa ko Zariya da lambarsa kawai, a kuma lissafa kuɗin kula da shi ga jihar da ta karɓe shi.