Rune Holta: Ɗan Norwe Da Ya Ciyo Wa Polan Kofin Duniya

An haifi Rune Holta a birnin Stavanger na ƙasar Norwe ranar 29 ga Agusta, 1973. Ya yi suna a tseren babur da ake kira sifidwe, wanda ake yi a kewayayyen fili na ƙasa. Babur ɗin ba shi da birki, giyarsa ɗaya tak, mansa kuma metanol ne. Mutum huɗu ke tashi tare, su yi zagaye huɗu cikin kamar minti ɗaya. Na farko ya sami maki uku, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Idan an zo kwana, mahayi yakan watsa tayar baya gefe, ya dasa ƙafar hagu mai takalmin ƙarfe tana jan ƙasa, tsakuwa na feshi a fuskar na bayansa.

Norwe ta taɓa fitar da gwanaye a wannan wasa. Sverre Harrfeldt ya zo na biyu a gasar duniya ta 1966 a Gothenburg, bayan Barry Briggs. Sai dai a ƙasar, wasannin ƙanƙara da ƙwallo aka fi kulawa da su, filayen tsere kaɗan ne, kuɗin da ke ciki kuma ba ya riƙe mutum. Holta ya zama zakaran ƙasarsa tun a shekarun 1990, daga nan babu sauran abin nema a gida.

Polan kuwa a nan wasan yake da kasuwa, dubban 'yan kallo ke cika filaye duk mako. Can ya nufa, ya fi daɗewa da ƙungiyar Włókniarz ta garin Częstochowa, a 2002 kuma ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Shekara na zagayowa ya lashe gasar ɗaiɗaiku ta Polan, ƙungiyarsa ma ta ɗauki kofin lig. Ya maimaita cin gasar ɗaiɗaikun a 2007.

Sau uku yana cikin tawagar Polan da ta ci Kofin Duniya, tare da Tomasz Gollob da Jarosław Hampel: a Wrocław a 2005, a Leszno a 2007, sai Vojens ta Danmak a 2010. A jerin gasar Grand Prix ya yi nasara a Gothenburg a 2008, da Målilla a 2010. A 2010 ɗin ne ya ƙare na huɗu a duniya, Gollob ya ɗauki kambu.

Ana iya cewa ya juya wa ƙasarsa baya, amma wannan hukunci ya yi tsauri. Tseren ƙungiya yana son gwanaye huɗu ko biyar a lokaci guda, Norwe kuwa ba ta da su. Da ya tsaya a ƙarƙashin tutarta, da wuya ya taɓa riƙe Kofin Duniya ko sau ɗaya.