Kantin Gandun Oakland: Yadda Kwalta Ta Kwashe Masa Ciniki

A bakin kogin Cane, kudu da garin Natchitoches a jihar Luwiziyana ta Amurka, akwai wani tsohon kanti na katako a gefen titi. A da na iyalan Prud'homme ne, jikokin Faransawa, masu gandun auduga na Oakland, waɗanda suka gina babban gidansu a 1821 da gumin bayi.

Kantin ya samu ne bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865 tare da soke bauta. Masu gandu suka wayi gari da ƙasa amma ba kuɗin biyan lada, 'yantattun bayi kuma da ƙarfi amma ba gona. Sai aka koma noman a raba: mutum ya noma wani yanki na gandun, in kaka ta yi a raba auduga da mai ƙasa. To kafin kaka me zai ci? Nan kanti ya shigo. Garin masara, gishiri, kananzir, yadi, taba, takalmi, har da bakin garma, duk a bashi ake ɗauka, magatakarda na rubutawa a babban littafi. Kuɗin kayan bashi ya fi na kuɗi hannu nesa ba kusa ba. Idan an auna auduga aka cire bashi, manoma da yawa kan tashi hannu Rabbana, wasu ma da ragowar da za ta tsallaka baɗi. Mai gona, mai kanti da mai ma'auni duk mutum ɗaya ne.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne wuyar tafiya. A da, kogin ne babbar hanya, jiragen ruwa na zuwa su ɗebi auduga zuwa New Orleans. A ƙarni na 19 sai babban kogin Red ya sauya magudana, ya bar Cane da ruwa kaɗan. Hanyoyin ƙasa kuwa da damina taɓo ne zalla, amalanken alfadari kan nutse har gindin ƙafafunsa. Gyaransu na hannun majalisar gunduma, wadda galibi masu gandu ne ke zaune a ciki, doka kuma ta ɗora wa maza majiya ƙarfi wasu kwanaki a shekara su fito da shebur da gatari su cike ramuka. Wanda ke da hali yakan biya kuɗi a yi masa, talaka ne ke shan rana. Wanda zuwa gari zai cinye masa yini guda, ina zai je ya taya kaya? Kantin Oakland ya zama kasuwa, ya zama majalisar hira, ya kuma zama gidan waya na ƙauyen Bermuda.

Masu gandu ma suna son hanya, domin audugarsu ta isa tashar jirgi da wuri. Tsarin kai wasiƙu har ƙauyuka da aka fara a 1896 ya ƙara matsa lamba, don mai kai wasiƙa ba ya bin hanyar da ta lalace. A 1916 gwamnatin tarayya ta fara ba jihohi tallafin gina hanyoyi. Da Huey Long ya zama gwamnan Luwiziyana a 1928, titin da aka shimfiɗe a faɗin jihar bai wuce kimanin mil 300 ba. Cikin 'yan shekaru ya gina dubban mil na kwalta da tsakuwa, da gadoji masu yawa.

Hanyar da ta fitar da auduga ita ce ta fitar da masu ciniki. Manomi ya hau mota ya je Natchitoches, ya ga farashi da idonsa. Wasu suka zarce biranen arewa da na yamma neman aikin masana'anta. Bayan yaƙin duniya na biyu tarakta da injin tsinkar auduga suka sallami sauran. Gidan wayar ya rufe a 1967, kantin ya bi baya a farkon shekarun 1980.

A 1994 majalisar dokokin Amurka ta kafa wurin adana tarihi na ƙasa a yankin kogin Cane, Oakland na ciki. Yau kantin a buɗe yake ga masu ziyara, amma ba mai bin kowa bashi a cikinsa.